Ƙwaryar Goggo da Ƙuguna

Ba zan taɓa mantawa da “ƙas” ɗin da na ji a ƙarƙashina ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ciwon suga ne ya cinye mini ƙoda, yayana ya ba ni ɗaya daga cikin nasa. Bayan dashen likita ya ja mini kunne, ya ce magungunan da ke hana jikina ƙin sabuwar ƙodar suna cin ƙashi, ga kuma suga, ’yar faɗuwa kaɗan sai karaya. Tun daga nan na koma tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai (ko atishawa zan yi sai na dafa bango).

Ranar kamun wata ƙawata ce a Nasarawo, a shekarun nan na tashin bama-bamai da ko murfin tukunya ne ya faɗi a Gombe sai an yi salati. Tayar keke ta fashe a ƙofar gida. Mata suka watse, wata mai jiki ta bangaje ni, na zauna daɓas. Ƙas. Sai kuma wani sanyi ya fara bin cinyata. Na ce shi ke nan, ƙugu ya karye, ƙodar Yaya ta fashe.

Na runtse ido, na hana kowa taɓa ni. Na yi kalmar shahada, na shiga yafe wa mutane ɗaya bayan ɗaya da sunansu (har da wadda ta ari gyalena ta hana). Goggon amarya, wata dattijuwar Bafulatana, tana ta cewa in ɗan ɗaga, ni kuwa ina roƙonta ta bar ni in cika da imani. A tabarma aka kinkime ni, Yaya da aka kirawo yana biye ba takalmi, yana hawaye.

A asibiti nas na kwance mini zani sai ga guntayen ƙwarya sun zubo. Ashe ƙwaryar kindirmon kamu na zauna a kai, wadda Goggo ta gada wurin mahaifiyarta. Yaya ya kalli guntayen, ya kalle ni.

Da la’asar likita ya shigo da hoton ƙashin, yana ƙunshe dariya.

“Ƙanwata, ƙashi lafiya, ƙoda lafiya. Ki ci gaba da shan maganinki. Nono yana gina ƙashi kam, amma ta baki ake bi da shi.”

Na yi hamdala, ina warin tsami. A nan na ɗauki darasi: kafin ki yafe wa duniya, ki fara duba abin da kika zauna a kai.