Zomon Aji Uku Ya Haihu a Gidana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tunatarwa da Haɗa Kan Iyaye na makarantar firamaren unguwarmu, mai saƙon da ke shan gaban zakara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da na'urar da ke aiko mana da saƙonninka.

Kyaftin, zomon aji uku, ya haifi 'ya'ya shida a gidana ranar Lahadi da safe. Mai jego da jarirai suna cikin ƙoshin lafiya. Takardar da aka ba ni tare da shi ranar Juma'a, mai hatimin ofishinka da sa hannu biyu, cewa ta yi: "Zomo ɗaya, namiji, lafiyayye." Cikin bayanan nan uku, na ƙarshen ne kaɗai ya kai Litinin.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba kurakurai a gidan jarida kafin in yi ritaya, saboda haka ba na ƙaryata takarda mai hatimi da garaje. Zan ci gaba da kiran Kyaftin namiji har ranar da ofishinka zai fitar da gyara.

Ga yadda abin ya biyo ta kaina. Jikata tana aji uku, shekararta bakwai. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa kowa a gidan ke kiranta Mamana. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce, ubanta direban babbar mota, don haka kai ta makaranta da ɗauko ta da karanta saƙonninka duk sun faɗo kaina ni da kakarta. A tsarin da kwamitinka ya shimfiɗa, kowace Juma'a gida ɗaya ke tafiya da zomon aji ya dawo da shi Litinin, "domin koya wa yara ɗaukar nauyi da jawo iyali cikin harkar makaranta." Ina shaida maka an jawo mu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Litinin mai zuwa ce ranar da Mamana za ta kaɗa ƙararrawar safe, girmamawar da ke zagayo kowane yaro sau ɗaya tak a shekara. Mako uku ta yi tana gwaji da murfin tukunya da ludayi. Amma dokarku ta tara ta ce duk wanda sunansa ke kan allon "Waɗanda Ba Su Dawo da Kayan Makaranta Ba" ba zai taɓa ƙararrawa ba. Ranar Talata aka rubuta sunanta a allon, a bakin ƙofa, tsakanin mai ɓatar da ƙwallo da mai cinye gefen littafin karatu.

Da izininka, ga koke-kokena.

1. Ba ni da abin cewa game da yawan saƙonninka sai yabo. Ƙarfe shida da kwata na kowace safiya wayata ke ƙara, har maƙwabcina ya daina saita agogo. Daga farkon zango zuwa yau na ƙirga ɗari biyu da goma sha huɗu. An tunatar da ni farar safa. An tunatar da ni yankan farce. An tunatar da ni murafen kwalba ashirin, kwalin ashana huɗu, da ƙwayar wake a cikin auduga, wadda na yi wa ban ruwa kwana goma na samu maki shida cikin goma. An taɓa tunatar da ni cewa gobe za a aiko da tunatarwa. Game da Kyaftin kansa saƙo uku aka turo: a ba shi ganye, kada a yi masa wanka, a raba shi da kyanwa. Ranka ya daɗe, a cikin ɗari biyu da goma sha huɗun nan, an rasa layi ɗaya da zai ce baƙon namu watan haihuwarsa ya kama?

2. Takardarka ta zubar mini da daraja a cikin gidana. Da yammacin Juma'a kakar Mamana ta ɗaga zomon, ta shafa cikinsa sau ɗaya, ta ce, "Malam, wannan namijin naku yau ko gobe ne." Na tashi na ɗauko takarda na nuna mata hatimi. Na yi mata bayanin cewa mutum biyu masu ilimi ba za su sa hannu a kan abin da ba su duba ba. Matar da ta haifi biyar, ta kuma karɓi haihuwar rabin layinmu, ita na tsaya ina koya wa alamomin ciki da takarda a hannu. Ranar Asabar da Kyaftin ya fara tsige gashin ƙirjinsa yana tarawa a lungu, na ce zafi ne. Ba ta yi musu ba. Tun Lahadi dai ba ta sake kirana Malam ba, sai Mai Hatimi. Da shayi za ta kawo sai ta ce, "Mai Hatimi, ga ruwan zafi, amma duba takarda, wataƙila na sanyi ne." Wa zai dawo mini da shekara arba'in na kwarjini?

3. Cikin duk lungunan gidan, Kyaftin bai zaɓi ɗakin haihuwa ba sai akwatin tsofaffin jariduna. Ya yayyage shafukan da na fi alfahari da su, ya haɗa da gashinsa ya yi shimfiɗa. Wannan ba koke ba ne sosai, na sa shi ne don cikar rahoto. A gaskiya ma wannan ne karo na farko da na ga sharhin jarida ya ɗumama wani.

4. Ranar Litinin na zo da niyyar bin doka. Likitan dabbobi ya riga ya gaya mini kada a motsa mai jego kafin mako huɗu, domin jariran idonsu bai buɗe ba, ko gashi ba su da shi. Sai na taho hannu rabbana, da bayani a baki. Maigadinku, wanda muke gaisawa kullum shekara uku ke nan, ya saurare ni har ƙarshe, ya yi mini barka, ya tambayi mai jiki, sannan ya ce, "Baba, ni a littafina zomo ɗaya ya fita, zomo ɗaya zai shiga. Shidan nan ba su da takardar shiga makaranta." Na wuce wajen malamar aji. Ta yi dariya har sai da ta dafa tebur, ta share ido, ta nuna mini fom ɗin mayarwa. Gurbi uku ne a ciki: an dawo da shi, ya ɓace, ya mutu. Babu gurbin ya ƙaru.

Don haka ga lissafin kamar yadda na fahimce shi. In na kawo bakwai, shida za su tsaya a ƙofa. In na kawo ɗaya, shida za su mutu. In ban kawo ko ɗaya ba, sunan uwata zai hau allo. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ni ban bi zomo a wannan ba. Ba na ganin laifin maigadi, ba na ganin laifin malama. Neman wanda ya zana fom ɗin nake yi, cikin ladabi.

5. Na'urarka ba ta karaya ba. Ranar Talata ta tunatar da ni cewa zomon makaranta yana hannuna, abin da ban manta ba, domin a ƙarƙashin teburina yake. Ranar Laraba ta ce idan ya ɓace in cike wani fom. A ranar dai, bayan minti goma, ta taya ni murnar zama "gwarzon iyali na mako," ta kuma sanar da ni cewa Juma'ar nan Kyaftin zai kwana gidan mai aski. Shin an gaya wa mai aski baƙi bakwai zai yi? Na zauna na rubuta amsa mai sakin layi huɗu, na duba ta sau biyu, na aika. Nan take aka mayar mini: "Wannan lamba ba ta karɓar amsa." Na karanta littattafai da dama a kan haɗin kai, ranka ya daɗe, amma ban taɓa cin karo da irin wanda baki na ɓangare ɗaya ne, kunne na ɗaya ɓangaren ba. Ko sabon bugu ne bai iso gare ni ba?

6. Akwai maganar uba, wadda nake tayarwa da kunya. Likitan ya ce cikin zomo kwana talatin da ɗaya ne galibi. Na ɗauki kalanda na koma baya, yatsana ya sauka a kan wata Alhamis, ranar karatu, lokacin da Kyaftin ke hannun hukumar makaranta, a keji ɗaya da Janar, zomon aji huɗu. Janar ma a takardarku namiji ne. Da farko na ɗauka na gano bakin zaren. Sai jiya tela, wanda Janar ya yi hutun ƙarshen mako a gidansa, ya tsayar da ni a hanya ya ce ya ga baƙon nasu yana kwasar ƙyallaye a baki yana kaiwa bayan keken ɗinki. Ban ga wannan da idona ba, kuma ba na buga jita-jita. Amma ruwa ba ya tsami banza. In maganar tela ta tabbata, to akwai wani na uku da ba ya cikin rajistarku, kuma ina ba da shawarar a duba shingen bayan lambu kafin a sake ɗinka wa kowa laifi.

7. Na bar babban zuwa ƙarshe. Tun ranar Talata Mamana ba ta taɓa murfin tukunyar nan ba. Gidan ya yi tsit. Ba zan ɓoye maka ba, mako uku na yi ina roƙon wannan shirun, kuma yanzu na janye roƙon.

Ga abin da yarinyar da allonku ya kira mai riƙe kayan makaranta take yi. Kafin ta wanke fuska sai ta leƙa akwatin ta ƙirga shida. Ta sauya ruwa, ta wanke ganye ta tsane shi, domin likita ya ce jiƙaƙƙe na ɓata ciki. Ta kafa wa kyanwar gida dokar ta-ɓaci. Ni kaina an hana ni tari a ɗakin karatuna. Ranar Talatar da ta dawo, ta daɗe a tsugune gaban akwatin, sannan ta ce, "Kaka, in na mayar da Kyaftin shi kaɗai, za a bar ni in kaɗa?" Ban saba yi mata ƙarya ba, na ce za a bar ta. Ta ce, "Su kuma waɗannan?" Na gaya mata abin da likita ya ce. Ta ja hanci, ta ce, "To a bar ƙararrawar."

Mai girma Shugaba, takardarka ta ce an kafa tsarin nan don koya wa yara ɗaukar nauyi. Ina taya kwamitinka murna, darasin ya shiga. Abin da ban gane ba shi ne, a wace makaranta ake rubuta sunan wanda ya ci jarrabawa a allon masu laifi?

Buƙatuna ba su da yawa. A fitar da gyara a kan jinsin Kyaftin, ko da a ƙasan shafi ne da ƙananan haruffa, kamar yadda muka saba a sana'armu. A ƙara gurbi na huɗu a fom. A goge sunan yarinyar kafin Litinin. Ni kuma na yi alƙawarin dawo da kayan makaranta bayan mako huɗu, bakwai a madadin ɗaya. Azuzuwanku shida ne, jariran shida ne, kowane aji sai ya samu nasa. Sharaɗina ɗaya: kakar Mamana ce za ta faɗi wane ne namiji wace ce mace. Ba ta da hatimi, amma har yau ba a taɓa buga mata gyara ba.

In wasiƙar nan ta yi tsawo, a gafarce ni. Banza ba ta kai zomo kasuwa, haka nan ba ta kai tsoho ofishin kwamiti. Zan manna kwafi ɗaya a bakin ƙofa, in miƙa ɗaya ga maigadi, tun da lambarka ba ta karɓar amsa. Idan ka ga dama, zan iya tunatar da kai kowace safiya ƙarfe shida da kwata. Na koyi aikin a wajen gwani.

Allah ya ja zamanin kwamitinka, ya ƙara wa na'urarka caji, ya tsare takardunka daga abin da ke faruwa a zahiri.

Naka mai biyayya, wanda bai taɓa barin saƙonka ya kwana ba a karanta ba,

Kakan Mamana,
tsohon mai duba kurakurai,
mai masaukin Kyaftin da iyalansa.

Ƙarin bayani: Ina naɗe wasiƙar nan yau Alhamis sai ga Mamana ta shigo da gudu tana cewa sunanta ba ya kan allo. Majiya ce ɗaya, mai shekara bakwai, kuma tana da ruwa da tsaki a maganar. Allon a waje yake, rubutun na alli ne, an kuma yi yayyafi da hantsi. Sai dai kakarta, wadda ta ɗauko ta, ta ce sunan mai ƙwallo da na mai cin littafi suna nan daram, ruwan bai taɓa su ba. Ta kuma ga farin alli a hannun rigar wani, wanda ba zan ambata ba, domin ɗan jarida ba ya tona majiyarsa. Murfin tukunya ya koma bakin aiki, a tsakar gida, nesa da mai jego. Har zuwa wannan lokaci ofishinka bai tabbatar da wanda zai kaɗa ƙararrawa ranar Litinin ba.