Kunnen Hukuma Yana Cikin Tabki

Jama'a, duk wanda ya gan ni yau da hantsi a bakin kasuwar Madarumfa ina tsalle da ƙafa ɗaya, kai a karkace, ina bubbuga kunne, to ya daina yaɗa cewa Ɗan Azumi ya zautu. Lafiyata lau. Ruwan tabki ne ya shige mini kunnen hagu, yau kwana biyar, ya ƙi fita. Har wata tsohuwa mai daddawa ta janye faifanta tana neman tsari. Yadda ruwan ya shiga kuwa, ku gyara zama, don bin haƙƙina wurin hukuma ne ya kai ni.

Kun san bana gero bai yi ba, bara ma haka. Abin da ya rage mini shi ne fangali goma sha biyu na albasa a bakin tabki, da ƴar rijiyata, da jigon da nake jan ruwa da shi. Albasar nan ita ce hatsinmu har damina ta faɗi. In ta yi, in kai ta kasuwar Ɗan Issa in dawo da dawa. In ta mutu, ni da matata Hajara da ƴaƴa bakwai sai dai mu zauna muna kallon rumbu.

Ana cikin haka sai Allah ya yi mana gyaɗar dogo. Mai Girma Uban Tabarau, wanda aka tura istaji, wato ƙaro ilimi, ƙetaren teku wata uku, ya dawo mana da ƙiba, da jaka mai makulli, da sabuwar Hukumar Kula da Jin Halittun Ruwa. Aka tara mu gindin gawo, muka zauna da murna, mun zaci rabon hatsi ne. Sai ya zaro hoto.

"Wannan," in ji shi ta amsa-kuwwa, "sunanta marsuwan. Dabbar teku ce. Siffar kifi gare ta, amma tana shaƙar iska kamar ku, tana shayar da ɗanta kamar akuya. Ba ta da fatar kunne, ta haɓarta take ji, kuma tana jin ƙarar da ɗan Adam ba zai taɓa ji ba. Ko ruwa ya yi duhu, sai ta yi ƴar ƙara, ƙarar ta bugi kifi ta dawo mata, ta san inda yake."

Wallahi na yi mamakin ikon Allah, ba na ɓoye muku. Sai dai ban gane inda zancen ya dosa ba, sai da ya ce bincikensa ya nuna akwai irinta a tabkinmu.

Maƙwabcina Illo, masunci ɗan masunci, ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ko ayu kake nufi? Shi ma ai sai can babban kogi. Ni shekara arba'in ina su a wanga tabki, daga tarwaɗa sai karfasa. Bana ma ruwan iyakarsa ƙirjina."

"Ka taɓa ganin marsuwan?"

"Ko a mafarki."

"To ka ga hujja ke nan! Tun kana gida kana neman takalmi take jin ka, ta ɓuya."

"Kakana ma bai gan ta ba."

"Ashe tun zamanin kakanka kuke damun baiwar Allah!"

Kai, ilimi daɗi gare shi. Da ni ne, da na ce abin da ba a gani ba babu shi. Shi ya sa nake ban ruwan albasa, shi kuma yake yawo a mota.

Washegari doka ta fito: kwana arba'in babu hayaniya a bakin tabki, har a auna jin dabbar. Mata ba su bugun wanki, Illo ba ya kaɗa gorarsa don koro kifi, jaki in zai yi kuka a kai shi bayan gari. Aka zura wani kunnen ƙarfe mai kama da tulun turare cikin ruwa, da doguwar waya har cikin wata rumfa inda Mai Girma ke zama da abin saurare a kansa. Na'urar kuwa ba ta aiki sai da injin wuta, wanda ke ruri tun safe har la'asar, ana jin sa daga hanyar Safo. Esansin, wato fetur, da yake sha a yini ɗaya, masu kamiyo, manyan motocin kaya, kwana uku suke yi a layi a Maraɗi ba su samu rabinsa ba. Na tambayi Sule, ɗan unguwarmu da aka ba gadin wurin, ko dabbar ba ta jin injin. Ya ce, "Haba Baba Ɗan Azumi, wannan ai ƙarar hukuma ce." Shi kansa usur aka ba shi, da shi yake tsare shirun.

Jigona kuwa tsoho ne, yana da ƴar muryarsa, ƙiiii in ya sunkuya, ƙiiii in ya miƙe. Kwana biyu Sule ya zo yana sosa ƙeya, ya ce an ji ni a na'ura. Na koma gida na ɗauko man gyaɗar Hajara, wanda take ɗigawa a miya kamar maganin ido, na shafe jigon da shi tas. Ya yi shiru. Hajara ce ba ta yi ba. Kuma duk a banza, don washegari aka ce gugan yana cewa funjum in ya faɗa rijiya. Aka ɗaure jigona da igiya, aka manna masa takarda mai hatimi.

Wanda bai taɓa noman albasa ba bai san abin da kwana huɗu ba ruwa ke nufi ba. Ganyen ya fara kwanciya, bakinsa ya yi rawaya. Ina tsaye ina kallo, ga ruwa a rijiyata, ga guga, ga hannuna, sai hawaye ya zo mini, ni da furfurata.

Na sa rigar Juma'a na tafi biro, wato ofishin hukumar. Sau uku. Mushe mai rubutu, sakataren Mai Girma, wani siriri mai alƙalami uku a aljihu wanda ban taɓa ganin ya yi rubutu da ko ɗaya ba, ya ce Mai Girma yana rumfa. Na je rumfa, na durƙusa, na yi gaisuwa har gwiwata ta yi ciwo. Mai Girma yana kallona ta cikin tabarau, abin saurare a kunne, bakina kawai yake gani yana motsi. Mushe ya raka ni waje ya ce, "Tsoho, ka yi haƙuri. Kwana arba'in ɗin nan Mai Girma ba ya jin komai sai abin da ya fito daga ƙarƙashin ruwa."

Na kawo wa Hajara wannan magana tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "To Malam, me kake jira? Ka shiga ruwan mana."

Da azahar, lokacin da Sule ya tafi salla, na tuɓe rigata, Illo ya ɗora ni a gorarsa ya tura ni har inda wayar ta nutse. Ya ce, "Ɗan Azumi, numfashi ɗaya gare ka. Ka faɗi abin da ya kawo ka, ka hito." Na ce na ji. Na yi bisimilla na nutse, na laluba cikin taɓo na kama kunnen hukuma da hannu biyu, na kai shi bakina.

To ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai kama kunnen babban mutum ya fara da albasa? Ai sai na ce, "Salamu alaikum, ranka ya daɗe, an wuni lafiya, ina gajiya, yaya ɗawainiya da jama'a," sai numfashi ya ƙare. Na taso ina tari.

"Ka faɗa?" in ji Illo.

"Na dai gaishe shi."

Na sake nutsewa. Wannan karon na tuna ban tambayi iyali ba, ban yi masa barka da dawowa daga tafiya ba, ga shi tafiyar har wata uku. Na cika waɗannan, na taso da rabin tabki a cikina. Illo ya dafe kai. A karo na uku ne na kai ga maganar, na tattara duk baƙin cikina na kwarara ihu, "Albasataaa!" Nan ruwan ya samu hanyar kunnena.

Muna laɓe cikin ciyawa muka hango Mai Girma ya fito daga rumfa a guje, hula a ƙasa, yana rungumar Mushe. Ba a ji kalma ko ɗaya ba, gurnani da kumfa kawai na'urar ta ɗauka. Amma kafin la'asar an sanar da gari cewa marsuwan ta yi magana sau uku: biyu na farko cikin ladabi, na ukun kuwa kukan dabbar da ke cikin matsananciyar wahala. Mai Girma da kansa ya share hawaye. Ya ce ruwa ne ya yi mata kaɗan, kuma hukuma ba za ta zuba ido ba.

Kwana biyu tak, jama'a! Sai ga kamiyo da famfo sabo fil da dogon tiyo, za a ƙara wa tabki ruwa. Ina za a samo ruwan? Rijiyar da ta fi kusa. Tawa. Suka zuƙe ta ƙaf har taɓo, suka juye a tabki don ni marsuwan in ji daɗin iyo. Allah ya sa tiyon ya zo da huda, kamar yadda kayan hukuma suka saba, ya bi ta kan fangali biyu yana tsiyaya. Su biyun nan suka rayu. Goma sun bushe, jiya na tuge su na zuba wa akuya, ita ma ta shinshina ta wuce. An kuma ƙara dokar shiru da kwana arba'in, don dabbar ta murmure.

Shekarata hamsin da biyu ina ɗan Adam a garin nan, ban taɓa kai kuka an amsa ba. Wuni ɗaya na yi ina marsuwan, aka turo mini kamiyo. Yanzu Hajara in ta sauke ɗan abin da ya samu, sai ta leƙo zaure ta ce, "Dabbar teku, taso ka ci." Ni kuwa sai na juyo mata kunnen dama, don na hagun ya tafi hutu.

Na ce wa Illo gobe zan nemi wanzami ya duba mini shi. Ya ce kul, kada in kuskura, in ma bari na daman ya toshe. Ya rantse ba za a yi wata ba za a ba ni biro.