Takalmina Mai Fitila da Shingen Fakku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai amaryar abokina Murtala ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Fakku ba za su bar ni ba.

Ni tela ne, shagona yana cikin garin Tambuwal. Duk wanda ya san ni ya san cutar da ke damuna: ba na iya ganin sabon abu in kau da kai. Ni na fara ɗaura agogon da ke amsa waya a layinmu, ni kuma na sayi hular nan mai 'yar fanka a goshi (ba ta yi mako ba ta mutu, ta bar ni da ciwon kai). To ranar da ɗan gwaggona mai sayo kaya daga Legas ya buɗe wani kwali a gabana, na san tawa ta same ni.

Takalmi ne sau-ciki, baƙi wuluk, mai igiya. A bakin kowace ƙafa an dasa 'yan fitilu biyu kamar idon kyanwa. Ana yi masa caji kamar waya, ga ɗan maɓalli a gefen diddige. Ɗan gwaggon nawa ya ce don tsofaffi aka yi shi da masu dundumi, saboda su riƙa ganin dutse da rami in duhu ya yi. Ni kuwa idona garau yake, ko allura ce ta faɗi da magariba sai na tsince ta. Amma ina danna maɓallin nan haske ya zubo a ƙasa fes, sai na zura hannu a aljihu na biya. Ko tayi ban tsaya yi ba.

A daren ranar aka ɗauke wuta, na fito na zaga unguwarmu kaf ba tare da wani dalili ba. Kai, abin ya yi daɗi! Duk inda na jefa ƙafa, haske ya riga ni isa. Har kwatar ƙofar gidanmu da na saba faɗawa, ranar na gan ta, na tsallake ta ina murmushi.

Sai dai akwai abin da na tanadar wa takalmin, wato Luba. Luba ita ce babbar ƙawar amaryar Murtala. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar da ta rako amaryar shagona da ɗinkin anko, kuma tun daga ranar almakashina ya fara yanka ba daidai ba. Murtala, wanda shagonsa na gyaran babur ke jikin nawa, ya lura da ni, ya ce, "Luba ba ta da matsala, amma kakarta Inna Ige ta riƙe ta. Wanda duk tsohuwar ga ba ta so ba, ko ƙofar gida ba ya gani."

Ni ne babban abokin ango, ni zan yi magana wajen sayen baki, Luba ce kuma za ta yi ta ɓangaren amarya. Ƙauyen su Murtala yana can gefen Fakku, bayan Kebbe, kuma babu wutar lantarki. Kun ga lissafina? Duhu, ga jama'a, ga ni na shigo tsakar gida haske yana fita daga ƙafafuna. Na zauna na ɗinka wa kaina farar shadda, na buɗe ƙafar wandon sosai yadda zai riƙa kaɗawa a saman fitilun. Har jawabin da zan yi na haddace a gaban madubin shago.

Ranar ɗaurin aure na yini da silifa, takalmin yana ƙasan jaka, ban gaya wa kowa ba. An yi zafi kamar a gasa gurasa. Bayan la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwan farko na shekarar. Gari ya ɗauki murna, tsofaffi suna cewa amarya ta zo da goshi, manoma suna maganar gobe sai shuka, har Fulanin da suka kawo nono suka tsaya cikin ruwan suna dariya. Ni murnata daban ce: ga taɓo, ga kududdufai, ga sama ba wata. Allah Ya kawo ranar takalmi.

Muna idar da sallar isha'i abokai suka taru a ƙofar masallaci don rakiyar ango, kowa ya kunna tocilar wayarsa. Na koma gefe na ɗaure igiyar takalmina tam, ƙulli kan ƙulli, na dawo na ce, "Kowa shi kashe tocila tai."

"Don mi?" in ji Murtala.

Na duƙa na danna maɓallin.

Wallahi sai da wani ya ja da baya yana salati. Murtala ya riƙe baki. "Kai! Mi nika gani haka? Hitila ga ƙahwa?" Nan aka yanyame ni, wannan ya duƙa ya leƙa, wancan ya ce in ɗaga ƙafa ya gani. Na shige gaba kamar sarkin yaƙi, suka bi ni a layi. Kuma a gaskiya takalmin ya yi aikinsa. Na nuna musu kududdufi, na nuna musu saiwar darbejiya da ta gitta hanya, har wata kunama da ruwa ya koro muka gani muka kauce mata. Ango yana bayana yana cewa, "Ka fidda ni kunya, abokina." Kaina ya yi girman da hulata ta fara matse ni.

Muna dab da gidan da aka kai amarya na ji wani abu ya bugi ƙaurina. Na duba, shinge ne guda ɗaya, ƙwaron nan mai fiffike. Ni haifaffen ƙasar nan ne, na san sarai cewa in an yi ruwan farko shinge yakan fito daga suri, kuma babu abin da yake nema a duniya sai haske. Na ci shi soyayye ba adadi. Amma zumuɗi ya toshe mini kai, na kaɗe shi na ce a raina, baƙo ne, shi ma kallo ya zo.

Muka yi sallama muka shiga tsakar gida. Mata cike, an shimfiɗa tabarmi a inda ƙasa ta ɗan tsane. Fitilarsu mai cajin rana ta yini ana jona mata wayoyin 'yan biki, sai ɗan ja-ja take kamar garwashi. Wato a duk faɗin gidan nan, kai a duk faɗin ƙauyen, babu abin da ya kai ƙafafuna haske. Sai wata ta rangaɗa guɗa. Na rage sauri don a gan ni da kyau.

A nan ne suka iso.

Ban san daga ina ba. Kamar an kwance bakin buhu, shinge ya turnuƙe ni daga gwiwa zuwa ƙasa. Da a kan takalmin suka tsaya, da da sauƙi. Amma ga wando na buɗe masa ƙafa kamar zaure, sai suka yi ta shiga suna hawa. Wanda bai taɓa jin shinge ɗari suna karkaɗa fiffike a bayan gwiwarsa ba, ba zai gane ba. Ba cizo suke ba, cakulkuli ne wanda ba a iya yi wa dariya.

Na daure, na daure, sai na buga ƙafa a ƙasa. Ashe diddigen ɗaya ya daki maɓallin ɗayan. Fitilar dama ta koma walƙiya, ja da fari, ja da fari, kamar motar asibiti (sai ranar na san tana yin haka). Na sake bugawa don ta daina, ta hagu ma ta ɗauka. Na shiga tsalle ina kakkaɓe cinyoyi, ina juyi, ina shure-shure. Matan nan suka ɗauka salon rawa ne na 'yan birni. Wata ta jawo ƙwarya ta fara kiɗa, aka hau tafi, ana cewa, "Abokin ango! Abokin ango!"

A tsalle na ƙarshe na ji ɗas a ƙuguna. Zariya ta tsinke. Ni, tela, wanda ke yi wa mutane faɗa a kan zariyar kasuwa. Na cafke wandon da hannu biyu ta saman riga, na sandare. Yanzu ba halin duƙawa in kashe fitila, ba halin kwance igiyar da na ƙulle da kaina, ba halin gudu.

Sai na ji murya daga gefen madafa. "Yaro, tsaya nan! Kak ka motsa!"

Wata 'yar tsohuwa ce cikin masu rakiyar amarya ta taso da sanda, tana tafe tana ba da umarni. "Ku ɗauko kwanoni ku zuba ruwa! Maza! Arziki ya zaka har gida kuna tahi?"

Murtala ya matso kusa da kunnena ya ce, "Inna Ige ta." Ya faɗa yana danne dariya har kafaɗunsa na rawa.

Kafin in ce wani abu an kewaye ni da kwanoni da robobi, har da wata tasa babba da aka tura tsakanin ƙafafuna. Shinge yana bugun fitila yana faɗawa ruwa, mata suna tsamewa da hannu suna zubawa a ƙwarya. Inna Ige ta sa sanda ta ɗan buɗa ƙafata ta hagu. "Ware ta kaɗan, ɗana. Yawwa. Wagga ƙibtawa ta hi kiran su." Kwaɗi ma suka ji labari, suka fito daga bayan randa suka jeru, ɗaya har ya hau kan takalmin ya zauna yana cin rabonsa.

Na ce cikin ƙaramar murya, "Inna, sayen baki za mu shiga."

"Bakin amarya ba ya gudu," in ji ta. "Shinge kau dare guda na."

To wa zai yi musu da kakar Luba? Abokai suka ja ango suka shige ɗaki, suna waiwayena suna toshe baki. Ina tsaye ina jin wani can yana kwaɓa jawabin da ba a shirya ba, ana ta dariya, ni kuwa nawa jawabin yana cikina yana ruɓewa. Farar shaddata ta koma ruwan ƙasa, fiffike ya manne mini har a gemu.

Can labulen ɗakin amarya ya ɗaga, Luba ta fito. An gaya mata, ta zo ta gani da idonta. Ta tsaya ta dube ni tun daga hula har zuwa kwaɗon da ke kan ƙafata, fuskarta tana yin ja da fari, ja da fari. Na so ƙasa ta tsage. Ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta ɗan russuna kamar mai gaida babba, ta ce, "Sannu da aiki, Aci-balbal."

Gidan ya kwashe da dariya. Har Inna Ige sai da ta dafa sanda.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na dai san cajin ne ya cece ni: ta dama ta dushe ta mutu, ta hagu ta bi ta. Inna Ige ta ƙwanƙwasa takalmin da sanda ta ce, "Mai ya ƙare?" Na ce ya ƙare, Inna. Ta ce, "To Allah shi yi ma albarka, tahi." Na fita ina tafiyar agwagwa, hannu biyu a ƙugu, cikin duhun da ban taɓa jin daɗin irinsa ba. A hanya na faɗa kududdufi, ban ko damu ba.

Da safe ina shirin sulalewa in hau babur ɗin farko zuwa Kebbe, sai ga Luba da kanta da kwano a rufe. Soyayyen shinge ne, ya sha gishiri da yaji. Ta ce Inna ta ce a kawo wa mai fitila kasonsa. Ta kuma ce Inna ta ce yaron da zai tsaya wa tsohuwa haka, wando a hannu, bai yi tsaki ba, a tambayo mata ɗan gidan wane ne. Na cinye shingen nan tas, kunya ba ta hana ni ba.

Luba dai yanzu ita ce uwar 'ya'yana. Sunan kuma ya bi ni har Tambuwal, har masu kawo ɗinki sukan tsaya a bakin layi su tambayi shagon Aci-balbal, a nuna musu ba gardama.

Abin da na koya shi ne, in ka kunna fitila don a gan ka, za a gan ka ɗin, amma ba kai ke zaɓar wanda zai amsa gayyata ba. Sannan komai kyan shadda, a duba zariya kafin a bar gida.