Yadda Ake Saita Sandar Tuƙin Kumbo Ba Tare da Laifi Ya Hau Kanka Ba

Matso kusa, ɗan'uwa. Kai da ka samo sandar tuƙi, ka jona ta da kwamfuta, ka shiga wasan nan na yawo da kumbo a sararin samaniya, amma kullum sai ka yi karo da bangon tasha abokai suna sheƙa maka dariya, yau ka zo inda za a share maka hawaye. Matakai takwas ne kacal. Na yi maka alkawari, in ka bi su daki-daki, ko kumbon ya sauka ko ya tarwatse, ba mai nuna ka da yatsa. An gwada su a kan mutum mai rai, maƙwabcina Sejiro na unguwar Akpakpa a nan Kwatano, kuma har yau yana cin abincinsa.

Sejiro ɗan acaba ne, zem kamar yadda muke cewa, shekara goma sha tara cikin rigar nan ruwan ɗorawa. Daga Litinin zuwa Asabar sunansa "Kai, zem!" Ranar Lahadi kuwa, in an taso daga coci an ci akasa, tuwon masarar nan tamu, da soyayyen kifi, sai ya maƙala abin magana a kunne, ya haɗu da abokan wasansa, kowa daga ɗakinsa, a kira shi Kyaftin. Yana son sunan nan har cikin ransa, kusan yadda yake son matarsa Fifame.

Matsalar ɗaya ce. Duk lokacin da ya nufi ƙofar tasha, sai kumbon ya kama juyi kamar fanka. Ƙananan kumbo uku ya fasa musu, ya ce rashin nauyi ne ke sa su rawa. Sai shugaban ƙungiyar, Kawu Agosu, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ya ce to madalla, ga mai nauyi. Lahadi mai zuwa Sejiro zai tuƙa babban kumbon kayansu, Maman Kifi, wadda suka shekara biyu suna harhaɗawa. In ya shigar da ita tasha lafiya, kujerar tuƙi tasa ce. In bai shigar ba, Dosa mai shagon waya ya hau, sunan Kyaftin kuma ya bi kujera.

Mataki na ɗaya: Samo sanda mai tarihi

Sabuwar sanda dal a kwali maƙiyiyarka ce, don ba ta da inda za a rataya laifi. Nemi wadda ta sha hannu. Ta Sejiro a but ɗin wata tsohuwar mota aka tsince ta, cikin waɗanda ake saukewa daga Turai, yayan Fifame mai dillancin motoci ya kawo masa.

Tana lanƙwasa gaba da baya, hagu da dama, ana kuma murɗa ta, murɗawar ce ke juya hancin kumbo. Totur wani ɗan liba ne daban a hannun hagu. A ƙarƙashin manuniyar yatsa akwai kunamar bindiga, wadda in ka kuskura ka taɓa a bakin tasha masu gadi ba sa tambaya, wuta kawai suke buɗewa. Maɓallai goma sha bakwai gare ta, Sejiro ya san aikin huɗu.

Haddace wannan magana tasa, za ta yi maka rana: "Ai Bature ya gama cinye ta kafin ta iso."

Mataki na biyu: Kafa ta a teburin da ba naka ba

Sanda mai zamewa ba ta tuƙuwa, dole a ɗaure ta da noti. Amma mai hankali ba ya huda teburinsa. Sejiro ya zaɓi wanda Fifame ke yanka atamfa a kai, don ita tela ce.

"Baban Sena," in ji Fifame, don haka take kiransa, "wa ya huda mini tebur?"

"Ba hudawa ba ce, kafawa ce."

"Har huɗu?"

"In aka yi uku sai ta karkace. Ba za ki gane ba, harkar sama ce."

Ka lura da wannan amsa. Duk tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce harkar sama ce.

Mataki na uku: Tuhumi giris da sifirin

Ranar Litinin da yamma ya kwance cikin sandar da sukudireba, ya leƙa, ya girgiza kai kamar ya ga abin da ya daɗe yana zargi. Ya kwashe giris ɗin Bature, ya lafta na babur. Ranar Talata ya ce sifirin ya yi laushi, ya musanya shi da na birkin keke. Da ya mayar da murfi, noti biyu suka yi saura a tebur.

Kada ragowar noti ta tayar maka da hankali. Masu ƙera kaya suna zuba su ne da yawa saboda irin wannan rana.

Ya gwada. Kumbon ya yi tafiyarsa lafiya lau, sai da ya hango ƙofar tasha ya so ya ƙara wuta, sannan ya kama juyi, yanzu har da ƙamshin gareji.

Mataki na huɗu: Faɗaɗa kurman wuri

A tsakiyar kowace sanda akwai ɗan wurin da in ka motsa ta kumbo ba ya ji, don kada rawar hannu ta zama tuƙi. Mu masana kurman wuri muke ce masa, kuma a cikin kwamfuta ake rage shi ko a ƙara. Ƙa'ida ita ce kaɗan. Kai ka zuba da yawa.

Sejiro ya yi ta ƙarawa ranar Laraba har sandar ta kurmance gaba ɗaya. Juyi dai ya tsaya, gaskiya. Sai dai shan kwana ma ya tsaya. Kumbon ya miƙe sak, ya wuce tasha, ya wuce wata duniya mai zobe, ya nausa cikin duhu, Sejiro na kokawa da sanda yana kiran sunayen waliyyai. Ya mayar da saitin yadda yake, ya zauna ya yi tagumi. A ranar ne tsoro ya fara kama shi da gaske, don kwana huɗu suka rage.

Mataki na biyar: Kada ka bari matarka ta tsaya a bayanka

Wannan shi ne mataki mafi haɗari, kuma a nan Sejiro ya yi sake. Ranar Alhamis Fifame ta zo ɗaukar almakashinta, ta tsaya tana kallo. Ba allon take kallo ba, hannunsa take kallo.

"Sake yi in gani."

Ya sake. Kumbo ya yi juyi.

Sai ta fashe da dariya har da dafa bango. "Wayyo cikina! Baban Sena, totur kake murɗawa!"

"Totur yana hagu, Madam. Ki tsaya a kan ɗinkinki."

"A kwamfuta yana hagu. A hannunka fa? Shekara nawa ina zaune a bayanka a kan babur? Da ka hango rata tsakanin mota biyu, wuyan hannun nan naka na dama sai ya murɗe da kansa. Ko a coci kana yi in Fada ya ja huɗuba. Sandarka lafiyarta ƙalau, acaba ce ta biyo ka sama."

Maganar ta soke shi, don ya shiga wasan nan ne saboda ya ajiye rigar zem na awa uku a mako. Ya ce mata akwai abubuwan da sai wanda ya yi karatun injin. Ta ɗauki almakashinta ta fita tana ƙunshe dariya, ta waiwayo daga bakin ƙofa.

"To ka mayar da totur ɗin inda hannunka yake nemansa mana. Ni ko keken ɗinki sai na daidaita shi da ƙafata."

Mataki na shida: Karɓi shawara, ka ce kai ka gano

Jira ta yi nisa tukuna. Sejiro ya ba ta minti goma, sannan ya shiga saiti ya mayar da murɗawa ta zama totur, juya hanci kuma ya kai shi kan wasu maɓallai biyu marasa aikin yi.

Kai, jama'a! Ka ga tuƙi? Kumbon ya riƙa ratsa tsakanin duwatsun sama yadda Sejiro ke ratsa cunkoson gadar Dantokpa da safe. Ya kira Kawu Agosu a waya.

"Kawu, na yi bincike mai zurfi, na gano matsalar. Kuskuren masu ƙerawa ne."

"To, Kyaftin, Allah ya kai mu Lahadi."

Juma'a da Asabar ya sha gwaji, ya shiga tasha sau ashirin ba ko ƙwarzane. In zai tsaya sai ya saki totur tun daga nesa, kumbon ya lallaɓa da kansa. Maɓallin birki yana can gefe ƙarƙashin babban yatsa, bai taɓa buƙatarsa ba, saboda a wurin gwaji ba kowa a hanya sai shi. Kai ma kada ka gwada birki. Gwada birki alamar rashin yarda da kai ne.

Mataki na bakwai: Ranar Lahadi, tuƙa da gadara

Ƙarfe uku kowa ya hau. Sejiro ya sa farar rigarsa ta coci, ya goge sandar da hankici. Maman Kifi ta ɗaga cike da kaya, Kawu Agosu na lura da taswira, Dosa na zaune a kujerar mataimaki yana jiran gado.

"Yaya Sejiro," in ji Dosa ta cikin abin kunne, "in za ka fara juyin ka yi mini magana, in riƙe kwanon miyata."

"Riƙe bakinka dai, ƙanena."

Bai yi juyi ba. Ya bi da katuwar nan ta tsakanin duwatsu sumul, ya kewaye wani jirgin 'yan fashi ko kallonsa bai yi ba. Dosa ya daina tsokana. Kawu Agosu, wanda yabo ke yi wa wuyar fita, sai da ya ce, "A'a, lallai Kyaftin ya yi gyara." Daɗi ya cika Sejiro har ya ji idonsa na neman kawo ruwa. Fifame na bakin ƙofa da tsumma a hannu, ta fasa fita.

Ga ƙofar tasha, fitilu kore, saura ƙiris. Sai wani ɗan ƙaramin jirgi na wani baƙon ɗan wasa ya faɗo daga gefe ba ko sigina, ya gitta a gaban hancin Maman Kifi.

Shekara goma sha tara, in akuya ko mai tallan burodi ya gitta wa Sejiro, kansa ba ya tunani. Yatsun hannun dama ne ke damƙe birki. Suka damƙe.

Abin da ke ƙarƙashin yatsun nan kuwa kunamar bindiga ce.

Maman Kifi ta yi aman wuta a kan ƙofar tasha, ta ƙara da allon maraba. Fitilu suka koma ja. Masu gadi suka buɗe nasu daga kusurwa takwas, kafin Dosa ya gama cewa "Yesu!" aikin shekara biyu ya zama tartsatsi.

Mataki na takwas: Kada ka taɓa cewa "ni ne"

A nan ne za ka ci moriyar duk wahalar da ka sha. Kana da Bature, kana da giris, kana da noti biyu a aljihu, ga kuma baƙon da ya gitta. Zaɓi ɗaya ka jefa.

Sejiro ya buɗe baki zai ce Bature ya gama cinye ta. Ya dubi hannunsa, har yanzu a damƙe. Ya ji numfashin Kawu Agosu a kunnensa, dattijon da ya yi Lahadi ɗari yana jigilar ƙarafa don a gina jirgin nan. Sai kunya ta rufe shi.

"Kawu, ni ne. Ba sanda ba ce. Birki na kama."

Ka ji ɓarna! Mako guda na gini, ya rushe shi da kalma biyu.

Can Kawu Agosu ya yi ajiyar zuciya. "Birki. To. Magana dai an riga an yi ta, Sejiro, kujera ta Dosa ce. Amma sai mun sake gini, kuma ginin yana son mai ɗaukar fasinja da ƙaramin jirgi daga tasha zuwa tasha, cikin cunkoso. Abin da na gani yau kafin birkin, ba wanda ya iya shi a cikinmu."

Lahadin da ta biyo, Sejiro ya tarar da sabon jirginsa, ɗan mitsitsi mai kujera biyu. Dosa ya yi masa fenti ruwan ɗorawa, har da lamba a baya. Yana maƙala abin kunne ya ji sabon Kyaftin ya ƙwala, "Kai, zem!" kowa ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi tasa 'yar dariyar, sannan ya zare abin kunnen ya ajiye a tebur. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya zauna yana kallon ramukan da ya huda.

Fifame ta ajiye ɗinkinta. Ta jawo kujerar tsugunno ta dasa a bayansa, ta zauna a karkace yadda ta zauna ranar da ya fara ɗaukarta daga kasuwa, ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

"Kai ni duniyar nan mai zobe, Kyaftin," in ji ta. "Kuma a hankali, ina ɗauke da ƙwai."

Ya miƙa hannu ya kama sandar. Sannan ya shiga saiti, ya cire bindiga daga kunamar ya sa birki a wurin, ya murɗa totur.

A kula

Mai wannan bayani ko keke bai iya ba, balle kumbo. Duk wanda ya bi matakan nan ya huda tebur, ya ƙona jirgin jama'a, ko ya rasa kujera, shi ya jiyo, ba da yawuna ba. Wanda ya kai mataki na takwas ya amsa laifi kuwa, alkawarina ya warware a kansa, don ban ce a yi haka ba. In ka zo Akpakpa neman ba'asi, duk zem ɗin da ka tara zai ce bai san gidana ba. Mutum ɗaya ne ya sani, shi kuma kada ka neme shi ranar Lahadi, yana da fasinja.