Injiniya Yahuza da Dutsen Mairuwa

"In dai ƙasa ta motsa tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa, ko da kaurin farce ne, sai na'urata ta gaya mani."

Maganar Yahuza ke nan, mai ɗaura wa mutane dish ɗin kallon talabijin a Mairuwa, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Abokina, in ka ga tumbinsa da tabaransa mai ido guda a tsage, sai ka rantse shi ya liƙa wata a sama.

Rediyo ce ta ja mana. Ya ji ana bayanin yadda masana ke sa tauraron ɗan'adam ya riƙa leƙen duwatsu masu aman wuta, ya gano inda ƙasa ke nitsewa ko gangare ke shirin zaftarewa tun kafin ido ya gani. Gogan naka ya ce ai dish da tauraro uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya kori kaji daga wani tsohon dish, ya kafa shi bisa katangar gidansa, ya saita shi ga dutsen bayan gari.

Ranar kasuwa ya hango hayaƙi a kan dutsen. Ya faɗa kasuwa yana shelar dutse ya fara amai. Aka watse, mai manja ya yi ɓari, wani dattijo ya tsere da takalmin da bai gama tayawa ba. Da aka hau dubawa, sai ga Malam Barau yana ƙona gawayinsa. Yahuza ya gyara tabarau, ya ce gawayin ma alama ce.

Ana cikin damina kuma ya sanar cewa dutsen ya karkata gabas, kullum ƙara karkata yake. Ashe katangar ce ta sha ruwa take kwantawa da dish ɗin. Rannan ta ƙarasa, ta faɗa kan rumbun maƙwabcinsa Alhaji Harisu, dawa ta zube cikin taɓo.

Alhaji ya kai ƙara wurin mai gari. Mai gari ya ce ko dai Yahuza ya nuna amfanin na'urar nan a gaban jama'a, ko ya tattara ya bar unguwar.

Sarkin ƙarya bai ko girgiza ba. Ya ɗora dish a ka kamar mai tallar fura, jama'a na biye, yana tafe yana kasa kunne, har wani kango a bakin gari. Ya tsaya kan wani ɗan tudu mai ciyawa kore shar.

"Tauraro ya tabbatar," in ji shi. "Duk ƙasar Katsina babu wuri mai ƙwarin wanga. Ranar da dutse ya tashi, nan kowa zai fake da iyalinshi."

Don a gani a ƙasa, ya daka tsalle ya dira da ƙafa biyu.

Tsohon masai ne. Ƙasa ta buɗe baki ta karɓi Injiniya har wuya, dish ya biyo baya ya rufe shi kamar faifai a bakin tukunya. Wari ya kori sahun gaba.

Mai gari ya toshe hanci da bakin rawani, ya ɗaga dish ɗin da sanda, ya leƙa.

"Injiniya, mu kawo iyalin yanzu, ko sai ka gama share mana wurin?"