Ranar da Jikan Alƙali Ya Yanke wa Kansa Hukunci

Ba zan taɓa mantawa ba da shari'ar da na yi a ɗakinmu na Sanaiya, unguwar leburori a Doha, ana saura mako guda a fara Kofin Duniya. Kakana shi ne alƙali na farko a garinmu na bakin iyaka, tun iyakar duwatsu ce kawai. A kan raƙumi yake bin rikicin rijiya da na kiwo, daga baya ya shiga siyasa har ya je majalisa. Ni kuwa jikansa, a aji biyu na sakandare boko ya ƙi ni, ga ni ina gadin sito a Doha. Abin da na gada baki ne kawai, kuma na ishi 'yan ɗaki da labarinsa.

Rannan Baba Isaka, dattijon ɗakinmu, ɗan Zangon Kumasi a Ghana, ya ce an sace masa kwalbar shito a firij. Matarsa ce ta aiko, saƙon farko tunda korona ta rufe hanya. Ya rantse Sale direba ne, kuma ko Sale ya bar ɗakin ko shi ya bari.

"Ga jikan alƙali nan," in ji Sale, "ya raba mu!"

Na naɗa tawul a ka kamar rawani, na hau bokiti. (Ban ma san mene ne shito ba, girman kai ya hana ni tambaya.) Na ce kakana yakan faɗi hukunci tun kafin a san mai laifi, don kada a ce ya yi son kai. Saboda haka duk wanda aka kama zai wanke banɗaki wata guda, ya kuma sa rigar Ghana, ƙasar Baba, har a gama gasa. Aka yi tafi.

"To Baba, siffanta mana abin."

"Massa alƙali, miyar barkono ce, baƙa ƙirin, mai na yawo a sama. Murfi ja, an ɗaure da tsumma."

Nan na tuna. Kwana uku kafin nan ni na share firij, na ga wata baƙar aba na ɗauka ruɓewa ta yi, na jefa a shara ina zagin ƙazaman ɗaki.

Na dubi Sale, idonsa ya kawo ruwa, mutum mai 'ya'ya biyar ana ce masa ɓarawo. Na sauko daga bokitin.

"Khalas, an gama. Kotu ta kama mai laifi. Ni ne."

Sale ya faɗi ƙasa don dariya. Baba Isaka ya bi ni da silifa har bakin ƙofa yana cewa, "Yalla, maza, ranka ya daɗe, banɗaki na jira!" Na wanke kuwa, kwana talatin cif. Duk ƙwallon da Ghana ta ci sai su ɗaga ni sama kamar ango, har na fara jin daɗin rigar.

Yanzu in aka kawo mini ƙara, sai na fara tambayar me ya ɓata, da launin murfinsa, kafin in nemi tawul.