Rasuwar Guntuwa, Adaftar Mai Sauraron Buhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka wayi gari marayu, Toma, mai kula da siton masarar matan zumunta a Gozaki, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa, Adafta, wadda aka fi sani da Guntuwa. Ta rasu a bakin aiki, bayan jinyar da ta faro tun saukar damina.

Ga wanda bai san marigayiya ba, 'yar waya ce da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, gefe ɗaya ƙaton kai mai ruwan zinari, ɗaya gefen ɗan rami. Aikinta sada zumunci. Toma yana da tsohon amfilifaya mai faɗin baki da coci ta yi wa ritaya, yana da hedifon mai siririn baki, kuma in ba Guntuwa ce ta shiga tsakani ba, ko gaisawa ba sa yi. Sai ya ɗaure ɗan makirfo a ƙarfen zungurar buhu, ya soka cikin masara, ya rufe ido. Ƙwaro yana fara ɓarna tun yana ɓoye a cikin ƙwaya, ido ba ya ganinsa, amma Guntuwa tana kawo ƙarar cinsa har cikin kunne: ƙis, ƙis, ƙis. Buhun da aka kama da wuri a fitar da shi rana, sauran su tsira. Toma kan ce duk ranar da kunne zalla ya ji ƙwaro, to ba masara ce a buhun ba, gari ne.

Marigayiya mai gaskiya ce. Ba ta ƙari, ba ta ragi, ba ta sa bakinta a maganar da aka aiko ta da ita. In buhu lafiya lau yake, shiru za ka ji, shiru na gaske, babu huci babu gurnani. Jama'a, wannan hali ba kowace adafta Allah ya ba ba, kuma Toma bai san haka ba sai da ya rasa ta.

Saboda amincinta ne da kakar bara ya miƙe a gaban mata ya bugi ƙirji. Mama Victoria, shugabar zumunta, tana riƙe da ƙwayar maganin ƙwari tana juya ta, don ta tsorata da ita tun da wani gida suka kwanta asibiti bayan cin tuwon hatsin da aka sa wa. Toma ya ce a mayar wa mai shago abinsa, kunnensa ya isa. Mata suka yi guɗa, aka jera buhuna ba magani ko ƙwaya ɗaya. A cikinsu akwai abincin gwauraye da marayu, wanda zai kai su sabuwar masara, in ya kai.

Ciwon ajali ya fara ne da danshi. Kan nan mai ruwan zinari ya yi kore, sannan ta soma tari, ƙarr, ƙarr, duk sa'ad da aka motsa ta. Kunnen dama ya ɗauke, sai an murɗa wuyanta an danne da yatsa yake dawowa. An goge ta da auduga, an ɗaure ta da robar tayar keke, an kai ta Malumfashi wurin Jibril mai gyara, ya ɗiga mata dalma, ya girgiza kai, ya ce zaren cikin wuyan saura ƙiris, a je a yi ta lallaɓawa. An lallaɓa. Ranar da ta cika, Toma ya bi sito layi-layi, har ya iso buhunan da ke jingine da bangon baya, inda ya fi ko'ina ɗumi. Ya soka ƙarfe. Marigayiya ta ce ƙis, ta ce ƙis, ba ta ƙara cewa komai ba.

To, nan ne gizo ke saƙar. Numfashinta na ƙarshe ne, ko saƙo ne ta isar kafin ta tafi? Toma ya hau mota sai Funtua, ya kwaso magada, wato sababbin adaftoci, a leda, kowace mai shago yana rantsuwa ita ce ta asali. Wata tana huci kamar ana soya ƙosai, ta rufe komai. Wata kunnen hagu kawai take yi wa hidima, shi ma da gurnani. Wata kuwa sakwaf take a rami, ko numfashi ya yi sai ta yi ƙis, ko da a iska ya riƙe ƙarfen. A kan shaidar wannan maƙaryaciya ya sa aka zazzage buhunan gaba a rana, aka tarar da masara garau. Mama Victoria ta dube shi, ta sa aka ɗinke. Tun ranar bai da bakin da zai ce a taɓa na baya, kuma tsoro yake ji.

Marigayiya ta bar miji, wato amfilifaya, yana zaune baki buɗe. Ta bar hedifon rataye a ƙusa, da batirin babur da ya ciyar da su duka, da Toma.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan sito. An sa gawa a kwalin ashana. Toma da kansa ya haƙa kabarin jiya da rana, a gindin bangon baya, kuma waɗanda suka gan shi sun ce yana cikin haƙa ya ajiye fartanya, ya jingina kansa da bangon, ya daɗe a haka, babu ko hedifon a kunnensa.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su taho da tamfol da rariya da allurar buhu. Mama Victoria kuwa, ana roƙonta ta taho da zuciyar haƙuri. Ba za a yi waƙa ba, ba za a buga ganga ba. Za a yi shiru na ɗan lokaci don girmama marigayiya, kuma duk wadda ta tsaya kusa da bango za ta ji ƙis, ƙis da kunnenta.